Ɗanbaba Da Kibiyar Mararraba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gusau daga Talata Mafara ya san ƙanena Ɗanbaba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai farar motar hayar nan da ke fitowa ta gefenka kana cikin layi, ya wuce ka fuu, har ya ɗago maka hannu wai gaisuwa. Ni ce yayarsa, Sakinatu, mai rumfar shinkafa da wake a bakin mararrabar da hanyar Maradun ta ɓalle. Ni na goye shi har bayana ya yi kanta, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da ikon faɗa. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Lalacewar tun daga ranar suna ta fara. Sunan kakanmu aka sa masa, sai mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗauka ubansa ne ya dawo duniya. Ba a dukansa, ba a yi masa tsawa, ko sunansa na yanka ba a kira. In aka ajiye akushi shi ke fara sa hannu. In muka je famfo, mu jera bokitai tun hantsi, shi ya zo ya cusa nasa a baki, a ce a bar shi, ai Baba ne. Tunda aka haife shi ban taɓa ganin ya tsaya bayan mutum ba sai a sallah, nan ma don liman ba ya matsawa ne.

Kada in zalunce shi. Hannunsa na da kyau a sitiyari. Ya tsufa yana jigilar mutane daga Bakura zuwa Mafara zuwa Gusau, ko kaza bai taɓa takewa ba. Ba ya shan komai, goro kawai yake ci. In ya ga tsohuwa ta gaji a bakin hanya zai tsaya ya ɗauke ta kyauta, ya kuma yi wa fasinjansa faɗa su matsa mata. Cutarsa guda ce: bai iya jira ba. Ganin bayan motar wani a gabansa zafi yake masa, kamar an zagi uwarmu.

Kuma yana da ilimi, ba a magana. Direbobinmu suna da wata al'ada: in mutum zai karya kwana ya kunna siginar gefe guda, in kuwa miƙewa zai yi a mararraba sai ya kunna duka biyun su rinƙa ƙyaftawa tare. Dabul suke ce mata. To, a wurin Ɗanbaba dabul ba sanarwa ba ce kawai, laya ce. Ya yi imani cewa da zarar ya danna ta, duk wata doka da ke kan kwalta ta ɗage masa. Ai ya faɗa wa duniya miƙewa zai yi, me kuma ake so? Ko cikin ɗakin mutum zai bi, in dai ya sa dabul, to mai ɗakin ne bai duba ba.

Ana nan sai aka zo aka faɗaɗa mararrabarmu. Aka ware layi guda a hagu, aka zana masa wata ƙatuwar kibiya da farin fenti, lanƙwasasshiya, kanta na kallon hanyar Maradun. Makaho ma in ya shafa zai gane: wannan layi na masu karya kwana ne kaɗai. Masu miƙewa Gusau su yi haƙuri su bi layin dama, inda motoci ke cunkushewa, musamman ranar Talata da kasuwa ke ci. Hukuncin ma ba a ɓoye shi ba. Aka tara direbobi a tasha aka gaya musu da Hausa: wanda ya shiga layin kibiya ya miƙe, za a zare masa mabuɗi, a tsare mota a ofis, ya biya tara, sannan ya wuni a tsakiyar mararraba riƙe da allo yana nuna wa 'yan'uwansa hanya. Ɗanbaba yana sahun gaba a taron nan yana gyaɗa kai. Shi aka ba addu'ar rufewa, har da roƙon Allah ya shiryi direbobi marasa haƙuri.

Washegari ya duba ya ga layin dama cike, na hagu fayau. Sai ya gane cewa gwamnati ta yi masa hanya tasa ta kansa. Ya danna dabul, ya bi ta kan kibiya, ya miƙe.

Za ku ce ina ma'aikatan kula da hanya? Suna nan, da rigunansu da usur. Amma wanda aka ajiye a bakin layin nan shi ne Ma'aruf, kuma Ma'aruf surukin Ɗanbaba ne, shi ke auren ɗiyarsa ta fari, Husna. Yaro ne ɗan Gidan Goga, mai sanyin hali, wanda in yana magana sai ka matso. Ya baro ƙauyensu lokacin da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, ya sha wuya a Mafara kafin Allah ya ba shi wannan aiki. Da aikin ya kama haya bayan kasuwa, da aikin aka ba shi aure, da shi kuma Husna ke kwana a garin da ake barci da ido biyu rufe. Lokacin da nake ba ku labari cikinta na fari ya fara turo zane.

Kun san yadda muke da suruki. Ba ka kallonsa cikin ido, ba ka cin abinci gabansa, in ka hango shi ka cire takalmi ka durƙusa. To ku gaya mani, ta ina yaron nan zai ɗaga hannu ya busa wa uban matarsa usur? Da ya hango farar mota sai usur ɗin ya faɗo daga bakinsa. Ya shiga duban takalminsa, ko ya ga wani abu mai muhimmanci a sama. In mota ta matso ya russuna, Ɗanbaba ya kau da kai gefe kamar yadda al'ada ta ce, ya wuce. Kunya a nan, kunya a can, doka a tsakiya an taka mata ciki.

Direbobi kuwa ba wawaye ba ne. Suka lura cewa in Ɗanbaba ya shiga layin, ma'aikaci yana ƙasa yana gaisuwa. Sai suka rinƙa manne masa a baya, kowa da dabul ɗinsa, a wuce tare kamar 'yan kai amarya. Har jiransa ake yi. Masu zuwa Maradun da Janbako, waɗanda don su aka yi layin, su ne suka koma 'yan kallo. Rannan saura kaɗan wata a-kori-kura cike da albasa ta haɗu da ɗaya daga cikin 'yan rakiyar. Allah ya tsare, buhuna ne kawai suka zube, muka wuni muna tsintar albasa a bakin rumfa.

Shugaban ma'aikatan, Oga Isma'ila, a rumfata yake cin abinci. Ba mugu ba ne, amma ba ɗan garin nan ba ne, kuma shi ma akwai na sama da shi. A gabana ya kira Ma'aruf, cokali na hannunsa, ya ce:

"Na san surukinka ne. Ni ma ina da suruki, amma ban kawo shi wurin aiki ba. In farar motar nan ta sake miƙewa ta kan kibiya kana tsaye, ka cire rigar nan ka kawo mani. Ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Ya ji, amma wa zai gaya wa? Shi ba ya iya buɗe baki gaban surukinsa. Husna ɗiyar fari ce, ubanta ko sunanta ba ya kira, sai dai "yarinyar nan", in ta shigo ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Ta zo rumfata da rana tsaka, idanunta sun kumbura.

"Gwaggo, ke kaɗai ke iya masa. In aka kori Ma'aruf ba mu da wurin zuwa sai Gidan Goga. Ni tsoro nake ji, Gwaggo."

Wallahi ban ɓata lokaci ba. Na rufe tukunya, na bar ciniki, na sami Ɗanbaba a tasha yana zaune kan benci yana ɓare goro. Ban yi masa kwana-kwana ba, na gaya masa komai yadda yake: abin da Oga ya ce, da inda yarinyar za ta koma, da cikin da ke jikinta. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai saba ba, sannan ya tofar da goro.

"Yaya, ke mace ce, ba ki san aikin gwamnati ba. Barazana ce kawai. Su kore shi mu gani! Ai ina da mutane."

"Waɗanne mutane, Ɗanbaba?"

"Manya. Kuma ni wace doka na karya? Ina sa dabul. Tun kafin a haifi wanda ya zana kibiyar nan nake sa dabul."

Na ce, "Dabul ɗin ta ci gidanku," na manta gidanmu ɗaya. Na yi masa tatas a gaban abokansa, suna dariya suna cewa Yaya a yi haƙuri. Ya ce ya ji, zai duba. Na san irin dubawarsa.

Talatar da ta biyo baya kasuwa ta cika ta batse. Layin dama ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa, rana kuwa ta take, kwalta har wani yauƙi take. Oga Isma'ila na zaune a rumfata da farantinsa, fuskarsa na kallon mararraba. Sai ga farar mota ta ɓullo daga can baya, ta zame hagu, fitilu biyu na ƙyaftawa. Na ajiye ludayi na ce, "Innalillahi."

Abin da Ma'aruf ya yi, har in mutu ba ni mantawa. Bai busa usur ba, bai ɗaga hannu ba. Takalminsa ya cire, ya taka kwaltar nan mai zafi da ƙafa tsirara, ya je tsakiyar layin ya durƙusa daidai kan kibiya. Dole Ɗanbaba ya taka birki. Mararraba ta yi tsit.

"Baba, barka da rana."

"Barka kadai," in ji Ɗanbaba, yana kallon wani gefe.

"An wuni lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya? Ya mutanen gida? Ya hanya? Ya muka ji da zafi?"

Yaron nan ya ja gaisuwa har ta ƙare, ya sake ɗauko ta daga farko. Ya tambayi mutanen Bakura, ya tambayi kasuwa, ya tambayi jikin da ba ciwo yake ba. Gwiwoyinsa na kan kwalta, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Duk wanda ke wurin ya gane roƙo yake. Abu kaɗan ake nema: Ɗanbaba ya karya kwanar nan, ya ɗan taɓa gaba a hanyar Maradun, ya juyo ya bi layi kamar kowa. Da yaron ya ga gaisuwa ba ta kai ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce da 'yar muryarsa:

"Baba, nan hanyar Maradun ce."

A wurin mai kunya irin Ma'aruf, wannan ihu ne. Na ga ƙanena ya yi jim, hannunsa kan sitiyari, har na fara cewa alhamdulillahi. Sai wani daga cikin 'yan rakiya ya danna hon a baya, wani fasinja kuma ya yi dariya ya ce, "Yau dai an tare Ɗanbaba." Shi ke nan. A ce an tare shi? A gaban mutane? Ya ja da baya kaɗan, ya murza sitiyari, ya kewaye surukinsa a hankali, don ai shi gwani ne, ko rigarsa bai shafa ba. Ya miƙe Gusau da dabul ɗinsa.

Oga Isma'ila ya mai da kansa kan farantinsa. Ya cinye abincinsa, ya wanke hannu. Ma'aruf ya tashi da kansa, ya sa takalmi, ya zo ya cire riga ya ninke, ya ɗora usur a kai, ya miƙa da hannu biyu. Na ga gwiwoyin wandonsa sun yi baƙi da kwalta. Na zuba masa abinci ya ce ya ƙoshi. Na shiga bayan rumfa na yi kukana.

Wanda aka kawo madadinsa Surajo ne, wani ƙato ɗan Bakura, gwauro, ba shi da suruki ko a mafarki. Ranar farko Ɗanbaba ya zo kamar kullum, don har lokacin yana cewa wasa ne, za a mai da yaro. Surajo bai durƙusa ba. Hannu ya zura ta taga ya zare mabuɗi.

"Kai, ba ka ga na sa dabul ba?"

"Na gani, Baba, ta yi kyau. Fito."

Aka tura mota ofis, fasinja suka watse suna tsine masa. Washegari aka rataya masa allo, aka tsai da shi a tsakiyar mararraba daga hantsi har la'asar. Dattijo da furfurarsa, yana nuna wa mutane layin dama da hannu. 'Yan rakiyarsa duk sun koma salihai, suna cikin layi, kowa ya zo daidai shi sai ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe." Na aika masa da ruwa, ban aika da abinci ba. Raina a ɓace yake, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Daga nan ya tashi neman manyan mutanensa. Ashe manyan su ne Audu mai faci, wanda ya taɓa gyara wa wani kansila taya, da wani mai goro da ke gaisawa da direban ciyaman. Suka ba shi haƙuri da addu'a. Ya tafi ofishin Oga Isma'ila da kansa, ya tarar da mutane a ƙofa, ya bi layi. Ɗanbaba ya bi layi! Na so a ce mahaifinmu na raye ya gani. Da aka zo kansa ya cire hula ya ce laifinsa ne, a hukunta shi a mai da yaro. Oga ya ce shi ai an riga an hukunta shi, gurbin yaro kuwa an cike, masu jiran irinsa sun fi gashin kai.

Ma'aruf ya nemi abin yi a Mafara bai samu ba, ya yi dako, ya yi lebura a gonakin rani, abin bai riƙe gida ba. A Gidan Goga kuwa akwai gonar ubansa, da mahaifiyarsa, da ɗaki. Damina na matsowa ya ce zai koma. Ɗanbaba ya aiko ni in ce su dawo gidansa, akwai ɗakin zaure. Ma'aruf ya durƙusa ya yi godiya, ya ce ina shi ina kwana gidan suruki. Kunyar da ƙanena ya hau ya yi ta sukuwa a kanta, ita ce ta rufe masa wannan ƙofa. Ya sake aiko ni, wai to a bar yarinyar nan ta haihu tukuna. Na faɗa wa Husna. Ta ci gaba da ninke zannuwanta, ta ce:

"Gwaggo, mutumin da ya sa gwiwarsa a kwalta don kada ya kunyata ubana, ba ni barinsa ya tafi shi kaɗai. Ki gaya wa Baba na gode."

Ranar tafiya direbobi suka yi ta noƙewa, ba mai son kai kaya can. Ɗanbaba ya ce shi zai kai. Ya ɗaure gado da katifa a saman mota da hannunsa, ya jera kwanoninta a but, yana yi yana sa tsumma tsakani don kada su ƙoƙe. Ma'aruf ya riga ya yi gaba a babur, don ba ya iya zama mota ɗaya da shi. Husna na baya, ta rufe fuska da mayafi.

Ina rumfa suka iso. Layin dama babu kowa a ranar, wayam, irin yadda yake so. Ya shiga na hagu a hankali, ya kunna sigina guda, ta hagu kaɗai, ya tsaya daidai kan kibiya har Surajo ya ba shi hannu. Tunda aka zana kibiyar nan ranar ce ya fara bin inda ta nuna. Husna ta ɗaga mayafi ta ɗago mani hannu, na ɗaga mata ludayi.

Yanzu ku zo ku ga Ɗanbaba. Yana bin layin dama tiryan-tiryan, har Surajo na misali da shi. Sai dai ya samo wata sabuwar cutar. Waya ba ta cika shiga Gidan Goga ba, wani lokaci a daɗe ba a ji su ba, ga watan haihuwar Husna ya kusa. To duk sanda ya iso mararraba ya hango mota ta fito daga hanyar Maradun, sai ya taka birki a tsakiyar layi, ya zuro kai ta taga yana ɗaga wa direban hannu. Na baya su yi ta danna hon suna zaginsa, mutumin da bai taɓa jiran kowa ba yanzu shi ake jira. Ba ya ko waiwayarsu. Daga rumfata ina jin muryarsa:

"Daga ina? Kun biyo ta Gidan Goga? Lafiya aka kwana can? Ba ku ji komai ba?"

Jiya wani direba ya gaji ya ce, "Wai wa gare ka a can ne, Baba?"

Ya buɗe baki ya rufe. Ɗiyar fari ce, ba a faɗin sunanta. Sai ya ce, "Wata yarinya ce," ya ja motarsa a hankali ya miƙe.